ZAUREN UWARGIDA: Sirrin Gida Da Haƙƙin Jama'a, Darasi Daga Littafin Kakakin 'Yar'aduwa

  A wannan watan akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun da na dawo daga gida Gehuru, kuma na ga gara in kawo ta nan mu tattauna, domin kuwa duk da cewa a fadar shugaban ƙasa ta faro, ƙarshenta a tsakar gidajenmu yake.

Na je gida ne duba Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Cikin kayan wani ƙanena da ya yi karatu a jami'ar Aliero sai na tsinci wani littafi na Turanci, bangonsa har ya fara cinyewa, mai suna Power, Politics and Death, wato Mulki, Siyasa da Mutuwa. Wanda ya rubuta shi shi ne Olusegun Adeniyi, ɗan jaridar nan da ya bar kujerar editan ThisDay ya zama kakakin marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa daga 2007 har zuwa rasuwarsa a 2010. Littafin ya fito ne a ƙarshen 2011. Da la'asar idan an share tsakar gida sai in shimfiɗa tabarma kusa da Gwaggo, ina karantawa ina fassara mata abin da ya sawwaƙa.

Ran nan na kai wajen da ake bayanin jinyar shugaban, sai ta ɗaga mini hannu ta ce, "Tsaya ɗiyata. Wanga da ya rubuta, ba yaron gidan ba ne?" Na ce, "Ma'aikacinsa ne Gwaggo, shi ke magana da yawunsa." Ta ce, "To ai duk ɗaya. Ya ci tuwon gidan, ya sha ruwan gidan, maigidan ya kwanta dama, shi kuma ya ɗauki alƙalami. In wanga ba tonon asiri ba ne, mine ne?"

Wallahi 'yan uwa sai na rasa amsar da zan ba ta nan take. Kwana uku muka yi muna wannan muhawara, kuma ita ce na kawo muku yau.

Gidan da ake magana a kai

Kafin mu yi nisa, bari in tuna wa 'yan baya ko wane gida ne wannan. Mahaifinsu, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Mutawallen Katsina, minista ne mai kula da harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Babban ɗansa, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, shi ne na biyu a gwamnatin mulkin soja ta Obasanjo daga 1976 zuwa 1979, daga baya ya shiga siyasa, ya rasu a kurkukun Abakaliki a ran 8 ga Disamba, 1997, zamanin Janar Abacha. Ƙanensa Umaru malamin makaranta ne tun asali, ya karanta ilmin sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, sannan aka rantsar da shi shugaban ƙasa a ran 29 ga Mayu, 2007. Mahaifiyarsu Hajiya Dada ta ga rasuwar 'ya'yan nan nata biyu, ita kuma Allah ya yi mata cikawa a watan Satumbar 2024.

Mu nan Kabi ba baƙi ba ne a wannan labari. 'Yarsa Zainab ta auri Alhaji Sa'idu Usman Nasamu Dakingari, wanda ya yi gwamnan jiharmu daga 2007 zuwa 2015, don haka surukinmu ne. Sanata Adamu Aliero ya yi masa ministan Abuja daga ƙarshen 2008. Farfesa Attahiru Jega kuma yana cikin kwamitin gyaran zaɓe na Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais da shugaban ya kafa a 2007, bayan ya amsa da bakinsa a ranar rantsuwa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai. Talakawa ba su manta ba cewa ya bayyana kadarorinsa a fili, ya kuma rage kuɗin litar man fetur har ta koma Naira 65 a farkon 2009. Shi ya sa har yau idan an ambaci sunansa a Jega ko Maiyama, addu'a ce ke fara fitowa daga bakin mutane.

Littafin kakakin nasa bai tsaya kan ciwo kaɗai ba. Ya yi bayanin afuwar da aka yi wa tsagerun Neja Delta a 2009, da yadda aka kawar da Nuhu Ribadu daga shugabancin EFCC a ƙarshen 2007, da irin faɗa-a-jin da tsohon gwamnan Delta James Ibori da ministan shari'a Michael Aondoakaa suka samu a gwamnatin. Inda maigidansa ya yi abin yabo ya yaba, inda kuma ya ga an yi sakaci bai rufe ba. To amma ɓangaren da ya fi ɗaukar hankalin kowa, wanda kuma ya tayar da muhawarata da Gwaggo, shi ne na watannin ƙarshe.

Kwana 78 ba wakili

A ran 23 ga Nuwamba, 2009 aka ɗauki shugaban zuwa asibitin Sarki Faisal da ke Jidda. Bayan kwana uku fadarsa ta sanar cewa yana fama da kumburin tantanin da ya lulluɓe zuciya. Ciwo dai na kowa ne, babu mai cewa don me. Matsalar ita ce ya tafi bai bar wa mataimakinsa Goodluck Jonathan wuƙa da nama ba. Sashe na 145 na tsarin mulki a wancan lokaci ya ce idan shugaba ya aika wa majalisa takarda cewa zai tafi hutu ko ba zai iya aiki ba, mataimakinsa zai riƙe. Takardar nan ba ta zo ba, kuma dokar ba ta faɗi abin da za a yi idan ba ta zo ba.

Sai ƙasa ta zama gidan da maigida ke kwance a ɗaki, makullin rumbu kuma yana ƙarƙashin matashinsa. Aka ce an kai masa ƙaramin kasafin kuɗi can Jidda ya sa hannu, mutane suka yi ta taƙaddama. Lokacin rantsar da sabon babban jojin ƙasa ya yi a ƙarshen Disamba, babu shugaban da zai rantsar da shi, sai mai barin gado, Idris Legbo Kutigi, ya rantsar da magajinsa Aloysius Katsina-Alu. A watan Janairun 2010 rikici ya ɓarke a Jos, aka yi asarar rayuka masu yawa. Ran 12 ga Janairun ne aka ji muryar shugaban a BBC ta wayar tarho, murya a raunane, yana cewa yana samun sauƙi. Da yawanmu mun tuna wannan safiya, kowa ta kafa kunne a rediyo tana tambayar ta kusa da ita, anya shi ne kuwa? A ranar ce kuma su Wole Soyinka suka yi zanga-zanga a Abuja. Cikin majalisar ministoci, mace ce, marigayiya Dora Akunyili, ta fara fitowa a farkon Fabrairu ta ce a faɗa wa 'yan ƙasa gaskiya a miƙa riƙo.

Sai ran 9 ga Fabrairu, 2010, kwana 78 da tafiyarsa, majalisar tarayya ta kafa hujja da larura, ta ɗauki hirar nan ta BBC a matsayin sanarwar da ake jira, ta ayyana Jonathan a matsayin muƙaddashi. Ran 24 ga watan aka dawo da shugaban Abuja cikin dare, sojoji sun tsare filin jirgi, ba wanda ya gan shi. Daga nan bai sake fitowa bainar jama'a ba. Shi kansa muƙaddashin ya faɗa a wata hira a watan Afrilu cewa bai sa shi a ido ba. Ran 5 ga Mayu, 2010 Allah ya karɓi abinsa yana da shekara 58, washegari aka yi masa sutura a maƙabartar Ɗan Marna da ke Katsina. Allah ya jiƙansa da rahama.

Duk wannan lokaci kakakin shi ne a gaban 'yan jarida, yana isar da abin da na kusa da gadon majinyacin suka gaya masa. To idan ya zo daga baya ya rubuta yadda abin ya kasance, ya ci amana ke nan?

Sirri iri biyu ne

Abin da na ce wa Gwaggo, kuma shi nake gaya muku, shi ne sirri iri biyu ne. Akwai sirrin da yake na mutum ne shi da iyalinsa: yadda ciwo ya mayar da jikinsa, wa ke ɗaga shi, wa ke yi masa wanka, me ya faɗa cikin zafin ciwo, me ya shiga tsakaninsa da matarsa. Wannan babu wanda ke da haƙƙi a cikinsa, ko da kuwa majinyacin shugaban ƙasa ne. Duk wanda aka yarda da shi har ya shiga ɗakin, ya fito yana bayar da irin wannan labari, ya ci amana, ko da baki ya yi ko da alƙalami.

Akwai kuma abin da ake kira sirri alhali haƙƙin wasu ne aka danne. Shin mutumin da ke riƙe da amanar miliyoyin jama'a yana iya aikin ko ba ya iyawa? Wa ke bayar da umurni da sunansa? Wa ya aika sojoji filin jirgi? Wannan ba zancen ɗaki ba ne, domin albashin malamin firamare a Maiyama da tsaron mai talla a Jos duk a rataye suke da amsarsa. Wanda ya ga yadda aka yi, ya rubuta don kada a sake, shaida ya bayar. Kuma an ga amfanin tonawar da aka yi ta yi a lokacin: a 2010 aka gyara wannan sashe na tsarin mulki, aka ce idan shugaba ya yi kwana 21 bai aiko da takarda ba, majalisa na da ikon ɗora mataimakinsa. Shi ya sa a 2017, da marigayi Shugaba Buhari zai tafi jinya Landan, sai da ya aika wa majalisa takarda Osinbajo ya riƙe, kuma duk da ya yi sama da kwana ɗari a can, ƙasa ba ta shiga irin ruɗanin 2010 ba.

Rubutu a kan shugaba daga hannun na kusa da shi ma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Waziri Gidado ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya zauna da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wazirci, ya kuma rubuta Raudul Jinani a kan rayuwar Shehu. Ba don irin waɗannan da suka ga abu da idonsu suka rubuta ba, da abubuwa da yawa na tarihin Sakkwato da Gwandu sun bi ruwa. Saboda haka laifin ba a rubutun yake ba, sai a abin da aka zaɓa aka rubuta da kuma niyyar da aka rubuta da ita.

Sai dai akwai inda na ba Gwaggo gaskiya. Shaidar da aka bayar bayan an rufe kabari ba ta kai wadda aka bayar a lokacin da za ta yi magani ba. A 2025 Malam Garba Shehu, kakakin Shugaba Buhari, ya fitar da nasa littafin, inda ya bayyana cewa zancen nan na 2017, wai ɓeraye sun ɓata ofishin shugaba shi ya sa yake aiki daga gida, ya yi amfani da shi ne don ya kawar da hankalin jama'a daga batun lafiyar maigidansa. Mutane sun yi dariya, amma ni abin tausayi na gani. Shekara takwas kafin a gaya mana. Wannan ita ce ƙaddarar mai magana da yawun wani: yana kan aiki bakinsa ba nasa ba ne, ya bar aiki kuma maganar ta riga ta huce. Don haka idan muna karanta irin waɗannan littattafai mu riƙa tuna cewa mai rubutun yana cikin labarin, yana da nasa abin da yake son wankewa, kuma abin da ya gani daga inda yake tsaye ne kawai.

Ina laifin uwargida?

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi shafarmu mu mata. A watannin nan babu sunan da ya sha suka a jaridu kamar na Hajiya Turai. Aka ce ita ce ta rufe ƙofa, ita ce shugabar gungun da suka riƙa kira kabal, ita ke mulkin ƙasa daga bakin gado. Har cikin motar haya za ki ji maza na cewa ai ka ga abin da ke faruwa idan mace ta samu wuri.

Ni dai ina roƙon duk wadda ta taɓa jinyar miji ta dafa ƙirjinta. Mutumin da kuka yi sama da shekara talatin tare, wanda kika san shi da ƙarfinsa da kwarjininsa, yau ga shi sai an tayar sai an kwantar. A waje kuma ga masu jiran su gan shi, wasu don Allah, wasu don su fita su ba da labari, wasu kuma lissafin kujerarsa suke yi tun yana numfashi. Wace ce a cikinmu ba za ta ja labule ba? Rufa wa miji asiri a halin rauninsa yana cikin mafi kyawun abin da aka san matan ƙwarai da shi.

To amma labulen da ya dace a ja a kan jikin majinyaci, bai dace a ja shi a kan amanar da ke hannunsa ba. A nan ne aka haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Da an bar uwargida da jinyar mijinta, an miƙa riƙon ƙasa ga wanda doka ta tanada, da babu mai neman leƙa ɗakin. Kuma wannan rabawar ba aikin matar ba ne tun farko. Aikin mai amanar ne da kansa tun yana da sauran ƙarfi, domin ciwon bai zo masa kwatsam ba: an kai shi Jamus ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe a watan Maris na 2007, ya kuma yi makonni a Saudiyya a 2008. Bayan shi kuma aikin manyan mazan da ke kewaye da shi ne, ministoci da gwamnoni da mashawarta, waɗanda da yawansu suka yi gum saboda kowa na tsoron abin da zai rasa. Da abin ya lalace sai aka nemi mace aka jibga mata kayan. Haka abin yake a fada, haka yake a ƙauye.

Mu kuwa muna da abin koyi mafi girma. A ciwonsa na ƙarshe, da jiki ya yi nauyi, Manzon Allah (SAW) ya yi umurni Sayyidina Abubakar ya ja mutane salla. Jinya tana ɗakin Nana A'isha, limanci yana masallaci, ba a bar sahu yana jira ba.

Abin da ya faru a gidanmu

Muna cikin wannan magana ne a rana ta uku sai Gwaggo ta yi shiru, can ta ce, "Kin tuna mini da ɗan'uwanmu mai albasa." Ni na ma manta, ita ta tono.

Wani ɗan'uwanmu ne, dillalin albasa, irin waɗanda ke karɓar kaya daga manoman Aliero da kewaye su loda motoci zuwa kudu. Kun san yadda harkar take: a ƙarshen rani albasa ta yi arha, sai a zuba ta a rudu a jira ta yi daraja, kuma yawancin kayan a kan yarda ake ba da su, sai an sayar a biya. A irin wannan lokaci ne, rudunansa cike da kayan mutane, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi dare ɗaya, baki ya karkace, magana ba ta fita. Uwargidansa, mace mai kirki wadda kowa ke yabo, ta rufe ɗaki. Duk wanda ya zo sai a ce yana hutawa, ko a ce an tafi da shi ganin likita. Tsoronta kada masu bin bashi su ji su yi wa gidan dirar mikiya, kada mahassada su yi dariya, kada kuma abokiyar zamanta ta kai labari gidansu.

Babban ɗansa yana nan, amma ba a taɓa ce masa ga abin da za ka yi ba, shi kuma yana tsoron ya taɓa kaya a ce ya fara cin gado uba na da rai. Damina ta faɗi, laima ta shiga, albasa ta fara tsira tana ruɓewa, wari har maƙwabta. Kafin a yarda a kira 'yan'uwa a zauna, mafi yawan kayan sun tafi. Bayan wata huɗu ya rasu, ya bar gida da bashin da da an sayar da kayan a kan kari ba za a san da shi ba.

Akwai wani yaro da ya taso a hannunsa, shi ke riƙe masa littafin lissafi, shi ne kuma ke shiga ya taimaka wajen ɗaga shi. Ranar da dattawa suka zauna rabon gado aka kira shi. Yaron nan ya buɗe littafi ya karanta komai, buhun wane kaza, na wane kaza, har da kuɗin wata tsohuwa da ta ba da ajiya ba da sanin kowa ba, wanda iyalan suka so a yi shiru da shi tunda babu shaida. Uwargida ta yi kuka ta ce masa butulu, ta ce abin da zai saka wa gidan da shi ke nan. Aka sayar da gona ɗaya aka biya mutane.

Gwaggo ta ce, "Amma kin san wani abu ɗiyata? Har yau ba a taɓa jin yaron nan ya faɗi abin da ya gani cikin ɗakin ba. Ko sau ɗaya. Kuma ita da ta ce mai butulu, da bakinta ta gaya mini daga baya cewa shi ya sauke wa mijinta kaya, ya kwanta ba haƙƙin kowa bisa wuyansa." Na ce, "To Gwaggo, ai kin ba kanki amsa." Ta yi dariya ta ce, "Ja'ira, ci gaba da karatunki."

Abin da za mu riƙe

'Yan uwa, ba kowa ce za ta auri shugaban ƙasa ba, amma kusan kowace a cikinmu tana zaune da mutumin da ke riƙe da haƙƙin wasu: ɗan kasuwa mai abokan hulɗa, ma'ajin ƙungiya, mai riƙon marayu, limami, mai unguwa, ko dai magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma. Mu kanmu muna riƙe da kuɗin adashi da ajiyar maƙwabta. Don haka ga 'yan shawarwari.

Na farko, tun ana lafiya ki lallaɓa maigida ya rubuta abin da ake bin sa da abin da yake bi, da kayan ajiyar da ke hannunsa, ya kuma sa shaidu. Wannan ba fatan mutuwa ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ke ma ki rubuta naki, ko ki sa ɗiyarki 'yar makaranta ta rubuta miki.

Na biyu, ya faɗi wakilinsa a gaban mutane: idan na kwanta ko na yi tafiya, wane ne zai tsaya a kan shago ko gona. Kalma ɗaya ce, amma rashinta ya tsayar da ƙasa kwana 78, ya kuma ruɓar da rudun albasa.

Na uku, idan ciwon ya zo, ki rufe abin da ya kamata a rufe, ki buɗe abin da ya kamata a buɗe. Ba dole ba ne kowa ya shiga ɗaki, kina da iko ki ce likita ya hana. Amma iyayensa da 'yan'uwansa da abokiyar zamanki da 'ya'yanta da masu haƙƙi a hannunsa, ki gaya musu gaskiyar halin da ake ciki. Idan kika ɗauki abin ke kaɗai, ranar da ya fashe ke kaɗai za a nuna da yatsa, waɗanda suka ba ki shawarar ki yi shiru ma ba za ki gan su ba.

Na huɗu, mu kula da waɗanda ke yi mana aiki. Yarinyar da ke miki wanke-wanke, direba, yaron shago, almajirin da ke ɗebo ruwa, duk suna ganin abin da baƙo ba ya gani, kuma kowannensu wata rana zai ba da labarin gidanki, ko da bai iya riƙe alƙalami ba. Kada ki sa su yi ƙarya dominki, kada ki ce ki ce ba na nan alhali kina ciki, domin wanda kika koya wa ƙarya saboda ke, gobe zai yi ta a kanki. Ki kyautata musu, ki biya su haƙƙinsu a kan lokaci.

Na biyar, ga 'ya'yanmu da ke aiki a ƙarƙashin wasu, a gida ko ofis: ku koyi bambance abu biyun nan. Abin da kuka gani na rauni da al'aurar gida, ku tafi da shi kabari. Abin da ya shafi haƙƙin wani kuwa, idan an neme ku shaida ku faɗa, kuma gara ku faɗa wa mai gidan a gabansa tun maganar tana da amfani.

Ranar da zan taho na bar wa ƙanena littafinsa. Gwaggo ta rako ni da baki daga kan tabarma, ta ce idan na sake zuwa in taho da takarda da biro, akwai 'yan kuɗin mutane a hannunta da wata akuya da aka ba ta kiwo, tana so a rubuta.

Allah ya jiƙan Malam Umaru da iyayensa da ɗan'uwansa, ya jiƙan namu da suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya saka wa mata masu jinya da alheri. Mu kuma ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.